Taku Uku: Sharhi Kan Koyon Faɗan Kusa a Albion Online

Duk wanda ya ɗauki takobi ko gatari a wasan Albion Online, tambaya ɗaya wasan zai yi ta maimaita masa tun daga ranar farko: taku nawa ne tsakaninka da mutumin can, kuma wa ke da ikon wannan tazarar, kai ko shi? Tambaya ce mai kyau. Ita ta sa na ga wasan ya cancanci a zauna a yi masa sharhi kamar yadda muke yi wa littafi ko fim. Ƙorafina a kansa shi ne ya iya yin tambayar amma bai tanadi malamin da zai koya wa sabon shiga amsarta ba. Abin da ya fi wannan muni, sa'o'in farko da mutum ke yi a cikinsa amsar ƙarya suke cusa masa a ka.

Ga wanda bai san shi ba, kamfanin Sandbox Interactive na birnin Berlin a Jamus ne ya fitar da wasan a watan Yulin 2017. A Afrilun 2019 aka mayar da shigarsa kyauta, a Yunin 2021 kuma ya sauka a wayoyin hannu. Waɗannan matakai biyu na baya su suka kawo shi Zangon Kwatano. Manyan irinsa, kamar World of Warcraft da ya fito tun 2004, kwamfuta mai ƙarfi suke so da kuɗin wata, kuma a unguwarmu wanda ke da kwamfuta mai ƙarfi aikin neman abinci yake yi da ita. Albion kuwa ya yarda da wayar da ke aljihun ɗan zem da ta yaron shago. Ya kuma zuba mai waya da mai kwamfuta a fili ɗaya, abin da zan dawo kansa a gaba.

A yawancin wasannin wannan dangi, tun a bakin ƙofa ake tambayarka wane ne kai, jarumi ko matsafi ko mai warkarwa, kuma abin da ka zaɓa shi za ka mutu a kai. Albion bai yi haka ba. Kayan da ke jikinka su ne sana'arka. Ka riƙe takobi, kai mai takobi ne. Ka ajiye ka ɗauki sandar wuta, ka zama wani mutum. Makami yana ba ka dabaru uku, hula ɗaya, riga ɗaya, takalmi ɗaya. Maɓallai shida ke nan, kowanne in ka danna shi sai ya huta na wasu daƙiƙoƙi kafin ya sake amsa maka. Tunda wasan bai zo da Hausa ba, mu a nan da Faransanci muke karanta shi, sai muka ara wa mutanensa sunaye daga rundunonin ƙasar Hausa na da. Mai takobi, gatari, guduma, mashi, wuƙa ko gora, wanda sai ya matso ƙirji da ƙirji kafin ya yi ɓarna, dakare muke ce masa. Mai kibiya ko sandar tsafi, wanda ke aiko da mutuwa daga nesa, ɗan baka. A kan dakare nake magana, don shi na fi daɗewa ina bugawa, shi ne kuma ake tura kowane sabon shiga ya ɗauka da sunan wai ya fi sauƙi.

Daga wannan “sauƙi” matsalar ta faro. Gaskiya ne babban gatari ba ya buƙatar saiti: ka danna, mutuminka ya yi ta juyi kamar guguwa, duk wanda ke kusa ya sha sara. Wasan kuma yana sa ka kwashe sa'o'i kana karkashe dodanni da 'yan fashin da kwamfuta ke sarrafawa, domin da haka ake buɗe matakan kaya, waɗanda suka tashi daga na 1 zuwa na 8. To, dubi halin waɗannan dodanni. Da sun hango ka, su ke rugowa wurinka. In sun iso sai su tsaya cak. In za su yi babban duka sai ƙasa ta yi ja a inda dukan zai sauka, kamar mai cewa gafara dai. Mutum ya yi mako biyu a haka, jikinsa ya riga ya haddace cewa abokin gaba yana kawo kansa, aikin dakare kawai ya jira ya sara. Duk wanda ya yi koyarwa ko ta allo ce ya san gyaran karatun da aka haddace a karkace ya fi koyar da sabo wuya.

Ranar da ya haɗu da ɗan Adam, sai karatun ya watse. Ɗan baka ba ya zuwa wurin kowa. Yana harbi yana ja da baya, ya tsaya ya sake harbi, ya sake ja, abin da iyayenmu suka raɗa wa tsohuwar bindiga, harba-ka-ruga. Mai sandar ƙanƙara ya daskarar maka da ƙafa, ya yi tafiyarsa. Sabon dakare yana da tsalle ɗaya ko biyu da zai iya rufe tazara da su, na makami da na takalmi, kuma abin da zuciya ke raya masa shi ne ya zuba su duka tun daga nesa. Ya dira kusa da mutumin, mutumin ya danna nasa takalmin ya fice, shi ke nan. Sauran faɗan tafiya ce a ƙasa ana bin wanda ba za a kamo ba, kibiya tana shiga.

A nan ne nake yaba wa masu ƙirar, domin in ka gane abin da suka gina, yana da kyau ƙwarai. Faɗan dakare da ɗan baka lissafi ne na wa ya fara kashe guzurinsa. Kana tafiya kana shan harbi da gangan, kana riƙe da tsallenka, kana matsa masa har tsoro ya sa ya yi amfani da hanyar gudunsa. Sai ka ƙirga. Kana da 'yan daƙiƙoƙi kafin ta dawo masa, a cikinsu ne kaɗai tsallenka ke da daraja. Takobin wasan ma an ƙera shi a kan wannan tunani. Ƙaramin saransa yana tara maka ƙarfi har hawa uku, kowane hawa yana ƙara maka saurin ƙafa, babban saran kuma ya cinye abin da ka tara. Wato sai ka taɓa mutum kafin ka sami saurin da za ka ci gaba da taɓa shi, kuma lokacin da ka saki babban dukanka, lokacin ne ka fi kowa nauyin ƙafa. In bai faɗi ba, ya tsere. Kowa ya ci zomo ya ci gudu, amma a nan har sai ka san lokacin da gudun ke da riba.

Ba baƙon ilimi ba ne wannan a wurin Bahaushe. Duk wanda ya taɓa tsayawa a filin dambe ya ga yadda turmi ke tafiya: rabinsa ba duka ake yi ba. Hannun da aka naɗe da zare, mashi, yana can baya a ɗane. Hannun gaba, garkuwa, shi ne a miƙe, tafi a buɗe, yana taɓa na abokin karawa yana janyewa. Baƙo zai ɗauka kare fuska kawai yake yi. Awo yake yi. Da shi ɗan dambe ke sanin ko mashinsa zai isa, da shi yake hana wancan sanin nasa awon. Kuma tunda gwiwa ko hannu ya taɓa ƙasa an yi kisa, wanda ya kai duka ya sami iska ya ba da kansa. Sunan Shago bai kai inda ya kai ba, har Ɗan Anace ya yi ta wasa shi, don ƙarfin dantse kaɗai. Masu ƙarfi suna da yawa a kowace kaka.

Abin ban haushi, Albion yana da garkuwa, amma lamba ce kawai. Ka rataya ta a hannun hagu ta ƙara maka juriya, ba ta da maɓalli, ba ka yin komai da ita. A Nuwamban 2021 sun ƙaro safofin hannu na yaƙi, na yi murna na ce ga 'yan dambe sun iso. Da na gwada, sai na tarar da faɗan finafinan Sin ne, tsalle da shuri da naushi hannu bibbiyu. Yana da daɗin bugawa, ban hana ba. Sai dai hannun nan mai awo, wanda shi ne rabin hikimar faɗan kusa, ba shi da wakili a ko'ina cikin wasan. Awon yana nan, amma a cikin kanka kaɗai, ba abin da ke nuna wa sabon shiga cewa akwai shi.

Ɗan dambe kuma ba daga sama yake faɗowa fili ba. Yana bin manya gari gari, ya riƙe musu kaya, ya ga an kashe wasu, a sa shi da sa'anninsa kafin magariba, in ya fito wani ya ja shi gefe ya ce ƙafarka ta baya ce ta bashe ka. Wannan mutumin da ke jan ka gefe shi ne babu a Albion. In an kashe ka, wasan zai nuna maka sunan wanda ya kashe ka da kayan da ke jikinsa. Darasin da sabon shiga ke ɗauka daga wannan allo shi ne kayan wancan sun fi nawa tsada, alhali sau da yawa tun daƙiƙa ta uku ya zubar da faɗan, lokacin da ya yi tsalle ba a kan kari ba.

Kada a ce ban yi adalci ba. Wasan ya raba ƙasarsa launi huɗu. A shuɗi ba mai taɓa ka. A rawaya za a iya kayar da kai amma ba a kwashe maka kaya. A ja da baƙi ne in ka mutu komai na jikinka ya zube, wani ɓangare ya lalace, sauran wanda ya kashe ka ya kwashe. Akwai dandalin biyar da biyar da ba a asarar kaya, akwai kogunan mutum da mutum da suka shigo a 2020, waɗanda matakinsu na farko ba a rasa kaya, akwai kuma damar ka ƙalubalanci wani a wuri mai aminci ku gwada. Filin atisaye dai akwai shi. Amma a kwatanta da Final Fantasy XIV na kamfanin Square Enix a Japan, wanda ya gina wani zaure musamman domin sababbi: da ka kai mataki na 15 za a kira ka, a koya maka aikin matsayinka ɗaya bayan ɗaya, yadda ake kauce wa duka, yadda ake janye hankalin dodo daga kan abokai, in ka kuskure a ce sake. Wancan wasan dodanni aka fi yaƙa a cikinsa, darasinsa ya fi sauƙin tsarawa, na yarda. Duk da haka ya nuna cewa ana iya ɗaukar koyarwa a matsayin aikin mai ƙira. Albion ya bar wa YouTube wannan aiki, da Turanci da Faransanci da Rashanci, kuma kallon bidiyo a nan kuɗin data ne.

Ina zargin da gangan ne, ko aƙalla ba ya damun su. Kusan duk wani takobi da riga a wasan wani ɗan wasa ne ya ƙera shi, kuma kasuwar ba ta motsi sai kaya suna lalacewa. Mutuwar sabon dakare ciniki ce ga maƙeri da majemi da mai saran itace. Wannan tsari shi ne abin da ya fi burge ni a wasan gaba ɗaya, kuma ɗan Zango ba ya buƙatar a yi masa bayaninsa: kowane birni da kasuwarsa da farashinsa, mai son riba sai ya ɗora kaya a kan sa ya ratsa daji mai 'yan fashi. Kakanninmu da suka bi ta Nikki da Djougou zuwa Salaga neman goro, waɗanda zangonsu ya bar wa unguwanni irin tamu suna, da sun ga wannan da sun gane shi nan take, har su tambayi wane ne madugu. Amma tsarin da ke cin riba daga jahilcin sabon shiga ba zai yi gaggawar yaye masa shi ba, kuma dakare ne ya fi biyan wannan haraji, don shi ne a tsakiyar turmutsutsu lokacin da abu ya ɓaci. Ɗan baka yana gefe, dokinsa na kusa.

Akwai kuma wata tazarar da ba a zana ta a taswirar wasan ba. A aikina na rediyo, ba ranar da ba na ce wa mai kiran waya, “Malam, rage sautin rediyonka.” Dalili shi ne muryarsa tana zuwa mana, ta bi ta na'urori, ta fita ta eriya, ta dawo masa a makare, sai ya riƙa jin kansa na ɗazu yana amsa wa kansa na yanzu, ya rikice. Haka wasan intanet yake. Duniyar wasan tana zaune ne a wata uwar garke, babbar kwamfutar da ita ke yanke hukuncin ko saranka ya samu. Abin da kake gani a wayarka labarin abin da ya riga ya wuce ne. Shekaru da dama uwar garken Albion ɗaya ce tak, a Washington, sama da kilomita 8,000 daga nan. An buɗe ta Singafo a 2023, sannan ta Amsterdam a ƙarshen Afrilun 2024, inda kowa ya fara daga sifili. Yawancinmu can muka koma, muka bar duk abin da muka tara.

Amsterdam ɗin ma kimanin kilomita 5,000 ce daga Kwatano a miƙe. Haske a cikin wayar gilashi yana cin kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa, don haka zuwa da dawowa ba zai gaza kashi 50 cikin 1,000 na daƙiƙa ba ko da an ja wayar a miƙe ta cikin Sahara. Ba a miƙe take ba. Wayoyin ƙarƙashin teku da suka sauka a Kwatano, SAT-3 da ACE, gaɓar teku suke bi, su wuce Abidjan da Dakar kafin su kai Turai, ga kuma abin da eriyar waya ke ƙarawa. Lambar jinkirin da nake gani a allona ba ta sauka ƙasa da 100. Wanda ya manta cewa wasansa a kan igiya yake rataye, ranar 14 ga Maris 2024 ta tuna masa, cikin azumi, lokacin da wayoyi huɗu suka lalace a tekun Kodebuwa, intanet ya durƙushe a ƙasashen yankin har da Benin.

Jinkirin nan bai raba wahalarsa daidai ba. Ɗan baka in ya makara, kibiya ɗaya ya rasa, yana nan a inda yake, zai sake harbawa. Dakare tsawon hannunsa taku biyu ne ko uku. Mutumin da yake gani a bakin takobinsa, a wurin uwar garke ya riga ya ƙara taku. Sai ka ga sara ya ratsa jikin mutum a allonka, jininsa bai ragu ba. Maganinsa irin wanda muke yi ne a situdiyo in muna hira da wakili daga nesa: ba ka jira ya rufe baki, kana shigowa a kan kalmarsa ta ƙarshe, don ka san shirun da za a ji a gida ya fi wanda kake ji tsawo. Dakaren Kwatano dole ya sari inda mutum zai je, ya kauce wa dukan da bai fito ba tukuna. Yaron Berlin yana iya wasa da ido. Namu sai ya karanci niyya. Ƙara da cewa shi yana nuni da linzamin kwamfuta, namu yana murza gilashi da babban yatsa a wayar da ta yi zafi, kuran kuma yana iya ɗaukewa batir na kashi tara. Wasan bai ambaci ko ɗaya daga cikin wannan ba a darasinsa na farko, wanda ya ƙare a kan saran itace, fasa dutse da hawan alfadari.

Inda dakare ke samun hakkinsa shi ne cikin jama'a. A faɗan ƙungiya, mai guduma ko kulki sanye da sulke shi ke buɗe fage: ya faɗa tsakiyar abokan gaba, ya tattara su ko ya sandarar da su na daƙiƙa biyu, 'yan baka su zuba wuta a wurin. In ya shiga da wuri ya mutu shi kaɗai, in ya makara an cinye na bayansa. Ba ya kashe kowa, sunansa ba ya hawa allo, amma kowa ya san faɗan a hannunsa yake. Ban san wani wasa a waya da ya ba haƙuri da karanta fili irin wannan daraja ba, kuma saboda wannan kaɗai ba zan ce wa kowa ya goge shi ba. Sai dai a sani, matsayi ne da ke buƙatar murya. Ana bin umarnin mai kira ta Discord, da Faransanci ko Turanci mai sauri, kuma yaron da Hausa da Fon da Dendi ne a bakinsa, Faransancinsa na kasuwa, yakan ji “shiga” bayan an riga an fito.

Mu bakwai ne muke bugawa a layinmu, bayan sallar isha'i, a bencin mai shayi da ke kallon hanyar babban masallacin Zango. Biyu sun bari a watan farko, dukansu masu gatari, dukansu da magana ɗaya: wasan na masu kuɗi ne. Ɗayansu ya zuba jaka biyar ta sefa a data cikin mako biyu, kuɗin da a Dantokpa sai ya yi dakon kwanaki kafin ya haɗa. Waɗanda suka rage sai muka yi wa kanmu abin da wasan bai yi mana ba. Muna haɗuwa a bakin ƙofar Bridgewatch, birnin hamada, don shi ya fi kama da gida. Kowa ya sa kaya masu arha na mataki na 4. Ɗaya ya ɗauki baka, ɗaya takobi, a yi turmi uku, sauran suna leƙa wayoyin ta kafaɗa. Doka ɗaya ce: mai takobi ba zai taɓa maɓallin tsalle ba sai mai baka ya kashe takalminsa, kuma da ya kashe, duk benci za a ɗauki ƙirga da ƙarfi, ɗaya, biyu, uku, har takalmin ya dawo. Wani dattijo mahauci ɗan asalin Gobir da ke shan shayi tare da mu, wanda bai taɓa riƙe wasan ba, shi ne ya fi kowa saurin gane wanda zai faɗi. Yakan duba allon ya ce, “Yaro, ka cika kusa, ba ka da abin bugu,” ko kuwa, “Ja baya, bar shi ya zo.” Ƙaraminmu, ɗan shekara 17 mai gyaran waya, ya yi mako uku a wannan benci kafin ya shiga jan yanki da takobinsa. Ya dawo da bakan wani da rigarsa, ya sayar da su a kasuwar Bridgewatch, ya sayi takubba huɗu na mataki na 4 ya ajiye a banki.